Dokin Maɗaci Marar Ido

Wurno, Asabar, 21 ga Agusta 1954, bayan azahar

Tun ranar Talata Gwaggo ta ɗauki yarinyar ta tafi da ita Rara. Gwaggo ƙanwar babana ce, kuma ita ta haifi maigidana, saboda haka ta kowace fuska tana da iko. 'Yar fari ta kaka ce, kowa ya san wannan. Ban yi gardama ba, ban bi su ƙofar gida ba. Na tsaya na ƙarasa wanke tukunya, domin tukunya ba ta wanke kanta don an shiga damuwa.

Zazzaɓin ya sauka tun kafin su tafi. Abin da ya bari a ƙafar hagu, mutanen garin nan ba su faɗin sunansa. Ni ma ba zan rubuta ba. Ba don ina tsoron abin da suke tsoro ba, don dai ban ga amfanin rubutawa ba.

Abin da ya faru a bakin randa da safiyar Talata an riga an baza shi gari, kowace mace ta ƙara masa gishiri. Ni dai na san yarinya 'yar shekara biyar takan yi ragwanci bayan ciwo, ta ce ba ta iya tashi alhali tana iyawa, kuma uwar da ba ta tsawatawa, ko da tsumagiya ce, maƙiyiyar 'yarta ce. Haka aka koya mana a makarantar mata a Sakkwato, haka nake koya wa matan ajina. Wa ya san ƙafa ce a lokacin? Ba wanda ya sani.

Lahadi, 22 ga wata, da hantsi

Na share ɗaki. Na shanya tabarmarta, na naɗe. Daga Rara shiru.

Talata, 24 ga wata, bayan la'asar

Maigidan ya dawo daga wajen Goronyo da gungumen maɗaci, jakuna biyu suna jansa. Itacen da ya tanada ne don jirgin wani masunci. Ya sa aka kayar da shi ƙarƙashin rumfar da ke bayan zaure, ya kewaya shi, ya ƙwanƙwasa nan da can da ƙotar gatari, yana sauraro kamar mai zaɓen ƙwarya a kasuwa.

Na ce masa tuwo na nan. Ya ce to. Iyakar abin da ya shiga tsakaninmu yau ke nan.

Ni da shi taubasai ne kafin mu zama miji da mata. Muna yara yakan kira ni 'yar boko mai tsinin baki, ni kuma in ce masa mai ƙamshin ɓawon itace. Ko bayan aure bai daina ba. Na sha ce masa wasa ba ya gina gida. Yanzu ya daina, ya kamata in gode.

Alhamis, 26 ga wata, da azahar

Habi ƙanwarsa ta shigo ɗaukar wuta. Ita ke zuwa kasuwar Rabah da albasa, kuma daga can Rara ba nisa, don haka duk labari a bakinta yake. Ban tambaye ta komai ba. Uwa ba ta tambayar 'yar fari a bainar jama'a, ba ta kiran sunanta, ba ta goya ta a gaban surukai. Wannan kunya ce, kuma kunya ado ce. Habi ta san haka, shi ya sa ta yi ta jan zancen albasa da tsadar gishiri tana kallona, ta ga ko zan karye.

Da ta gaji ta ce, "Malama, ke dai Allah ya yi ki da dutsi. To, Kyauta na cin abinci. Tana jan gindi har bakin rumbu. Gwaggo na gasa mata ƙahwa da tsumma da ruwan ɗumi, awa yadda Malam Abdulƙadiri na dispansare yac ce."

Na ce madalla.

Ta ce kuma ba jirgi yayanta ke sassaƙawa ba, doki ne. Wai mai maganin ya ce ƙafar tana son motsi, a riƙa sa yarinyar tana dannawa da ita, in ba haka ba sai ta ƙanƙance. Shi kuma ya taɓa hango wani dokin katako a barandar Baturen noman shinkafa, ranar da ya kai musu akushi, aka ce masa ɗan Baturen ke hawa yana lilo. To shi ne zai yi irinsa, ya kai mata Rara.

Ya kai mata Rara. Na sake tambayarta, ta sake faɗi.

Juma'a, 27 ga wata, bayan an sauko masallaci

Na same shi a rumfa na faɗa masa abin da ya wajaba in faɗa. Masassaƙi yana yin turmi, yana yin akushi da kujera da allo da jirgi, duk Allah ya halatta. Surar abu mai rai kuwa, wanda ya yi ta za a ce masa ya hura mata rai ranar da ba shi da iko. Ban ɗaga murya ba. Na ce gidan da ake salla ba a ajiye gunki a cikinsa.

Bai ajiye gizago ba. Ya ce ya riga ya tambayi liman, liman ya ce abin wasan yara ba shi da laifi. Na ce liman bai ga girman gungumen nan ba. Na ce in dai ba makawa, to kada ya yi masa ido, domin abin da ba a cika halittarsa ba ba a kiransa sura.

Ya dubi itacen, ya ce, "Ba ni yi mai ido."

Na yi nasara ke nan. Na koma ɗaki.

Litinin, 30 ga wata, da yamma

Ajin matan yaƙi da jahilci ya ragu. Da tabarma ba ta isarmu, yau har da wurin miƙe ƙafa. Waɗanda suka zo sun yi ta kallon hannuna in na ɗauki alli. Na koya musu darasin tsabtar ruwan sha. Mace ɗaya ta ce ita 'yarta ruwan fadama take sha, ga ta nan tana gudu kamar barewa. Na ce mata ba a yin alfahari da lafiya, aro ce.

Daga Rara shiru.

Laraba, 1 ga Satumba, da hantsi

Gizago tun asuba. Ƙas, ƙas, ƙas. Sai ya tsaya, in ce ya gama, sai ya sake.

Juma'a, 3 ga wata, bayan azahar

Ya tafi masallaci, na je rumfa neman ɓawo na hura wuta. Don haka kawai na je.

Wuya ya fito, da kai, da kunnuwa biyu a tsaye. Gaskiya ɗaya ce, hannunsa yana da kyau; ko hancin ya buɗe shi kamar na dokin da ya sha gudu. Wurin idanu ya bar shi sumul.

Amma ƙasan ya ɓata. Daga itace ɗaya yake fitar da komai, kamar yadda ubansa ya koya masa, ba haɗi ba ƙusa. Ƙafafun guda huɗu ya bar su a manne da wani gindi mai kauri, gindin kuwa ya zagaye shi kamar cikin jirgi. Na ɗora hannu na taɓa, sai abin ya karkata hagu, ya dawo dama. Shi abin da ya sani yana lilo a duniya jirgi ne a kan gulbin Rima, kuma na Baturen a tsaye ya gan shi, ba kowa a kai.

Ni kuwa na ga irinsa ana hawa. Akwai shi a gidan Baturiyar da ke shugabancin makarantarmu, mukan share ɗakin ranar Asabar. Gaba da baya yake yi, ba gefe da gefe ba. A kan itace biyu masu lanƙwasa yake tsaye, kamar jinjirin wata biyu a kwance. Wannan na maigidan, yarinyar da ƙafarta ta hagu ba ta riƙo, karkatar farko zai zubar da ita ta wajen hagun.

Na kwashi ɓawona na fito. Ni na ce masa kada ya yi, ba zan koma in koya masa yadda ake yi ba. Wanda ya nuna hanyar laifi yana da kaso a ciki.

Lahadi, 5 ga wata, da la'asar

Ruwa tun safe, bango na gabas ya fara zubewa. Itacen girki duk ya jiƙe. Na dafa kunu da abin da na samu a bushe cikin ɗaki: tsohuwar muciya, da guntun faifai, da tsumagiyar nan ta itacen geza da ke soke a bayan ƙofa. Ba ta da wani amfani, kuma ta ci wuta sosai.

Talata, 7 ga wata, bayan azahar

Habi ta dawo daga Rabah, ta biya ta Rara. Wannan karon ba ta ja zance ba. Ta ce Gwaggo ta ce yarinyar ba za ta dawo Wurno ba sai ta tsaya da ƙafarta, in kuwa ba ta tsaya ba, to Rara ma gari ne. Ta ce an faɗa wa yarinyar babanta na yi mata doki, tun ranar ba ta da zance sai shi. Kowane jaki ya wuce sai ta ce a duba ko shi ne.

Na ce ashe tana magana.

Habi ta ce, "Tana yi mana. Tana tambayar babanta, tana tambayar akuyar gida, har kazar nan mai wake-wake ta tambaya."

Ta tsaya nan. Ni ma ban ce ta ci gaba ba.

Idan dokin ya tafi Rara, me ya rage a gidan nan da za ta tambaya? Akuya da kaza. Na yi wannan tunani, na ga tunanin banza ne, na tashi na tankaɗe gari.

Laraba, 8 ga wata, da hantsi

Ya gwada shi da buhun gero. Ya ɗora buhun, ya tura, buhun ya faɗi ta hagu. Ya ɗaure shi da igiya, ya tura, doki da buhu suka kife tare. Ina jin ƙarar daga madafa. Ya ƙara rage cikin gindin, ya sake gwadawa, ya sake kifewa.

Bai ci fura ba.

In na yi shiru, dokin ba zai yi ba, ba zai tafi Rara ba. In na yi magana zai yi, ya tafi. Ban ga inda aka ce mace ta yi magana a kan sana'ar mijinta ba.

Alhamis, 9 ga wata, ranar cika-ciki, bayan la'asar

Na dafa wutsiyar ragon layya da na adana, na tuƙa tuwo mai yawa kamar yadda aka saba, don yau ba a barin kowa da yunwa. Na cika akushi uku bisa sabo, sai na mayar da ƙaramin.

Unguwa ta cika da ihun taubasai, ana bin juna ana neman shara, kyautar taubasantaka, ana zagin wasa. Kowace shekara irin ta yau maigidan yakan tare ƙofar ɗakina ya ce ba ni fita sai na ba shi shararsa, in ce masa gidan nan ba a roƙo, daga baya in jefa masa goro. Yau na sa goron a bakin zane tun safe. Bai zo ba.

Da azahar na kai masa tuwo rumfa. Yana zaune a ƙasa, gizago a gefe, dokin a kwance a kan haƙarƙarinsa. Na ga furfura a gemunsa da ban san da ita ba. Na ajiye akushi. Ya kamata in juya. Amma yau rana ce da taubashi ke faɗa wa taubashi abin da ya ga dama ba a riƙe shi, al'ada ce, ba ni na ƙago ta ba.

Na ce, "Mai ƙamshin ɓawo, wanga doki na ko kwalekwale? In kai shi gulbi mu kama tarwaɗa?"

Ya ɗago kai a hankali. Na ɗauka zai tashi ya fita. Sai ya ce, "'Yar boko, ke da ko muciya ba ki iya feƙewa, mi kinka sani ga doki?"

Na ce na san doki ba ya tafiya da haƙarƙari sai in giya ya sha. Na ce ko jakin ƙauyen Kwargaba ya san gaba gaba ce. Na tsuguna, na ɗauki tsinke, na zana masa a ƙasa: itace biyu masu lanƙwasa, ɗaya dama ɗaya hagu, ƙafa biyu a kan kowanne, da sanduna a tsakani su riƙe su. Na ce kuma a bar bakin kowanne da ɗan tudu, kada lilo ya wuce iyaka.

Ya daɗe a kan zanen. Ya bi shi da yatsa. Ya ce tun yaushe na sani. Na ce tuwo na hucewa.

Da zan fita ya ce, "Ina sharata?" Na jefa masa goron, ya faɗa cikin ɓawo, ya yi ta lalube.

Ba koya masa na yi ba. Zolaya ce ta ranar zolaya.

Juma'a, 10 ga wata, da safe

Ya sare gindin jirgin ya yar. Ya tafi daji.

Litinin, 13 ga wata, da yamma

Ya yi ta yawo har wajen Goronyo yana neman rassa biyu masu lanƙwasa iri ɗaya, irin yadda yake neman ƙotar garma. Ya ce Allah bai yi reshe biyu daidai ba. A ƙarshe ya samo reshen ƙirya guda mai kauri, ya tsaga shi biyu a tsawonsa, suka fito tagwaye. Wannan dabarar tasa ce, ban da hannu a ciki.

Habi ta ba shi shawara ya je wurin kafintan En'e a Rabah ya karɓo ƙusa. Ya ce shi ba kafinta ba ne. Ya huda itacen da jan ƙarfe, ya soka ƙafafun a ciki, ya buga musu turakun ƙirya kamar yadda ake sa ruwan fartanya a ƙota. Ni na riƙe masa wuyan dokin yana bugawa, saboda ba kowa a kusa. Muna aikin ya faɗa mini masuncin Goronyo ya yi fushi a kan jirginsa. Na ce alkawari kaya ne, ya kamata ya je ya ba shi haƙuri. Ya ce ya sani, Malama.

Ba mu yi zancen Rara ba.

Alhamis, 16 ga wata, da hantsi

Buhun gero ya hau ya zauna. Gaba, baya, gaba, baya. Bai faɗi ba.

Na koma ɗaki na rufe ƙofa, kaina ke ciwo.

Asabar, 18 ga wata, bayan azahar

Yanzu ado ya rage. Ya goge jikin da ganye mai kaushi har ya yi santsi, ya shafe shi da man kaɗanya, jan maɗacin ya fito. Ya sa wuƙa a wuta yana ƙona zane a ƙirji da cinyoyi, irin zanen da yake yi a bakin akushi. Badukun unguwa ya ɗinka ɗan sirdi na jar fata. Geza da wutsiya na rama ne, an tsoma su a marina sun yi baƙi.

Na ce masa duk wannan almubazzaranci ne, yarinya ba ta san zane ba. Na kuma ce likkafar hagu ba za ta yi haka ba, ƙafar za ta zame. Sai a yi mata kamar takalmi, da maɗauri a dunduniya. Ya ce ai bai san girman ƙafar ba. Na ɗauko masa takalminta na Salla. Yana ƙarƙashin matashina, domin ɓera ya dame mu kuma ɓera na cin fata.

Ya karɓa, ya gwada shi a likkafar.

Talata, 21 ga wata, da la'asar

An gama. Ga shi tsaye a rumfa an rufa masa tsohon zane, kunnuwan sun ɗaga zanen. Gobe Laraba Habi za ta tafi Rabah da jakuna.

Na share ɗaki. Na share tsakar gida. Na sake share ɗaki.

Laraba, 22 ga wata, da hantsi

Habi ta zo da jaki tun da sassafe. Ina madafa ina jinsu. Maigidan ya ɗora dokin a bayan jaki, ya ɗaure, ya kwance. Ya juya shi, ya ɗaure, ya kwance. Mutumin da ya sha ɗaura turmi biyu a jaki ɗaya ya kai su har Sakkwato. Habi ta ce kawo in ɗaure, rana na yi. Ya hana ta.

Ya ce, "Ba shi ɗauruwa. Itacen ƙasan ga na karyewa bisa hanya. Ki ce ma Inna doki ya ƙare, amma ba shi tahiya. Mai doki ta zaka ta hau abinta."

Habi ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Maccido, ka ji tsoron Allah. Ni za ka aika da wagga ƙarya?" Ya ce ta tafi dai. Ta leƙo madafa ta ce, Malama kin ji mijinki? Na ce ni ban ji komai ba, hayaƙi ya cika mini ido.

Ƙarya haramun ce, ko ta wasa. Zan faɗa masa haka wata rana.

Juma'a, 24 ga wata, bayan azahar

Daga Rara shiru. Na wanke tabarmarta, da ma tana bukatar wanki.

Lahadi, 26 ga wata, bayan la'asar

Sun zo da azahar. Gwaggo a kan jaki, yarinyar a gabanta. Na durƙusa na gaida Gwaggo, ta amsa wa bango. Ta ce kada in ɗauka zama ta zo. Yarinya ce ta hana ta barci da kuka, ta kawo ta ta ga abin, jibi za su koma.

Yarinyar ta rame. An yi mata kitso irin na Rara, ya matse mata goshi. Ƙafar ta fi 'yar'uwarta siranta, tana lilo in an ɗauke ta. Da aka sauke ta a tabarma ta hango ni, sai ta cusa fuska a zanen Gwaggo. Ban matsa ba. A gaban suruka ba a rawar jiki a kan 'yar fari. Na kawo ruwa, na kawo fura, na koma bakin madafa inda ya dace in tsaya.

Babanta ya janye zanen. Yarinyar ta zuba wa dokin ido, baki buɗe. Ya ɗora ta, ya sa ƙafar a takalmin likkafa ya ɗaure, ya yi daidai. Ya tura ta kaɗan. Ta ƙanƙame geza, sannan ta yi dariya. Tun kafin Babbar Salla ban ji wannan ƙarar a gidan nan ba.

Ta sunkuya ta shafa fuskar dokin, ta ce, "Baba, makaho na? Ina idonai?"

Ya ce wannan sai ta tambayi Malama. Haka take kirana, kamar kowa. Ba ta tambaya ba. Ta ce a sauke ta.

Litinin, 27 ga wata, da azahar

Da hantsi maigidan ya tafi ba masuncin nan haƙuri. Gwaggo ta shiga maƙwabta gaisuwa, ta bar yarinyar a kan doki ta ce yanzu za ta dawo. Ina daka. Ina ganin bayanta. Tana ta jijjiga jiki, dokin ya ƙi motsi, domin ƙafa ɗaya ba ta isa tayar da shi. Ta gwada, ta gwada. Ba ta yi kuka ba, ba ta kira kowa ba. Da can takan kira.

Na ajiye taɓarya. Na zo ta baya, inda ba ta ganina, na sa ƙafa a bakin itacen na danna. Ya tafi gaba, ya dawo. Na sake dannawa. Kafaɗunta suka ɗaga, ta san ko wane ne. Wa ke warin daddawa da alli a gidan nan in ba ni ba. Ba ta juyo ba, amma ba ta ce a sauke ta ba. Na ga yatsun ƙafar hagu suna motsi a cikin takalmin in dokin ya yi gaba. Kaɗan ne, amma na gani. Na buɗe baki zan ce ta ƙara dannawa, ta daina lalaci. Na rufe.

Mun daɗe a haka.

Can ta ce, ba ta juyo ba, murya ƙasa ƙasa, "Malama, ba shi ganin hanya. Shina hwaɗuwa da ni."

Na ce ba ya faɗuwa. Ta ƙara ƙanƙame geza.

Na shiga ɗaki na ɗauko tandun kwallina. Na zagayo ta gabanta, na durƙusa, fuskata daidai da gwiwarta. Na jiƙa tsinken kwallin da miyau, na zana wa dokin ido ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Tana kallon hannuna tun da na ɗaga shi, har na sauke.

Ta ce in sa masa gashin ido. Na sa.

Kwalli ba sassaƙa ba ne. Ruwa yana wanke shi.

Gwaggo ta dawo ta same ni a durƙushe. Ta dubi dokin, ta dube ni, ta ce ashe a makarantar Sakkwato har da koyon yi wa gunki kwalliya. Na ce a yi mini haƙuri, Gwaggo, dakana na jirana.

Talata, 28 ga wata, da hantsi

Gwaggo ta tafi da sassafe. Ta ce jakin ya gaji, ba ya ɗaukar mutum biyu. In ta ji wani labari daga bakin Habi, da ƙafa za ta zo. Ta nuna mini yadda ake gasa ƙafar, ta sa na yi a gabanta, ta ce ruwan ya yi zafi, na surka.

Maigidan ya ga idanun, da zai fita ya ce ai shi an hana shi.

Raɓa ta sauka a rumfa, kwallin ya ɗan zubo.

Talata, bayan la'asar

Kyauta ta ce idon hagu ya fi na dama girma. Na duba, gaskiyarta. Gobe zan gyara.